Ruwan da Tafasawa Ba Ta Gyarawa

Da asubahin Asabar, 2 ga Agustan 2014, hukumomin birnin Toledo da ke jihar Ohio a Amurka suka fitar da sanarwar gaggawa: kada kowa ya sha ruwan famfo, kada a yi girki da shi, kada a ba dabbobin gida. Sanarwar ta zo da wani gargaɗi da zai ɗaure wa duk wanda ya tashi a cikinmu kai, wato kada ma a tafasa ruwan, domin tafasawar ƙara masa illa take yi. Mutane fiye da 400,000 suka bazama neman ruwan gora har ya ƙare a shaguna, ba a kuma janye sanarwar ba sai ranar Litinin.

Daga Tafkin Erie Toledo take jan ruwanta. A cikin zafin wannan shekara wasu ƙwayoyin bakteriya masu suna Microcystis sun hayayyafa a yammacin tafkin, har ruwan ya koma kore shar kamar an kaɗa kuka. Iska ta turo su daidai inda bututun birnin ke zuƙar ruwa. Waɗannan ƙwayoyi suna samar da wata guba mai lalata hanta da ake kira maikurosistin, wadda zafin tukunya ba ya yi mata komai. In an tafasa, ruwan ne ke raguwa ta tururi, ita kuwa gubar tana nan, sai ma ƙarfi da take ƙarawa.

A ganina, duk garin da ke shan ruwan tafki ko na madatsa, amma ba ya ƙirga halittun da ke shawagi a cikinsa a kai a kai, ba ya kuma sanar da jama'a sakamakon, to bisa sa'a kawai yake shan ruwan. Kafin mu kai ga hujjar wannan magana, ya kamata mu san yadda ake ƙirgar, domin tarihinta ya nuna cewa abin da mutum zai gani a cikin ruwa ya danganta da abin da ya auna ruwan da shi.

Mazauna tafki

A labaranmu na rediyo da jaridu, "ƙwayoyin cuta" muke ce wa bakteriya. Sunan ya yanke musu hukunci tun kafin a saurare su. Ruwan tafki lafiyayye yakan ɗauki ƙwayar bakteriya wajen miliyan ɗaya a kowace mililita, ke nan kusan miliyan biyar a cokalin shayi guda, kuma mafi yawansu babu ruwansu da jikin ɗan Adam. Suna cikin tarin ƙananan halittun da masana ke kira filankton, sunan da wani Bajamushe, Victor Hensen, ya raɗa a 1887 daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ke yawo duk inda ruwa ya kai shi.

Aikinsu babba ne. Ƙananan tsirran ruwa na fitar da narkakken abinci, ganyaye da matattun halittu na ruɓewa su ƙara. Babu wanda ke iya tsintar wannan narkakken abinci sai bakteriya. Su kuma wasu halittu masu ƙwaya ɗaya su cinye su, ƙananan ƙwarin ruwa su cinye waɗannan, 'ya'yan kifi su cinye ƙwarin, a haka har a kai ga karfasa da tarwaɗar da ke kan farantinmu. A 1983 Farooq Azam da abokan aikinsa suka fayyace wannan zagaye a teku, daga baya aka tabbatar haka abin yake a tafkunan ruwan daɗi.

Akwai wani rukuni a cikinsu, siyanobakteriya, da ke haɗa abincinsa da hasken rana kamar tsiro. Saboda launinsu an daɗe ana lissafa su cikin gansakuka. Kakanninsu ne suka fara cika sararin duniya da iskar oksijin fiye da shekaru biliyan biyu da suka wuce. Microcystis ɗin Toledo daga wannan rukuni take. Daga cikinsa kuma Arthrospira take, wadda matan Kanembu a yankin Kanem na ƙasar Chadi ke tacewa daga tafkunan kanwa, su shanya a kan rairayi, su sayar da ita a kasuwa da sunan dihe, ana miya da ita. Dangi ɗaya, wani abinci, wani guba. Don haka tambayar ko akwai bakteriya a tafki ba ta da amfani, kullum akwai. Tambayoyin da ke da amfani uku ne: nawa ne, su wane ne, kuma yaushe suke sauyawa.

Nawa ne?

Hanyar ƙirga ta farko daga ɗakin binciken Robert Koch a Jamus ta fito, a shekarun 1880. Ana shafa ɗigon ruwa a kan daskararren abinci a cikin farantin gilashi, a ajiye wuri mai ɗumi. Duk ƙwayar da ta ci ta hayayyafa, bayan kwana biyu ko uku sai ta zama tabo da ido ke iya gani, a ƙirga tabban. Hanyar ta ceci rayuka masu yawa. A 1892 kwalara ta kashe mutane fiye da 8,000 a Hamburg, inda ake shan ruwan Kogin Elbe ba tare da tacewa ba, alhali maƙwabciyarta Altona, mai tace ruwan wannan kogi da yashi, ta tsira da sauƙi. Bayan nan Koch ya ba da ma'aunin da ya daɗe ana bi: matatar da ke aiki daidai kada ruwanta ya ba da tabo fiye da 100 a mililita.

Sai dai farantin yana da makanta. Tun a 1932 wani masani ɗan Rasha, Razumov, ya lura cewa in ka leƙa ruwan tafki kai tsaye da madubin ƙara girma, ƙwayoyin da za ka gani sun ninka waɗanda ke tsirowa a faranti sau ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. A 1977 John Hobbie da abokansa suka kawo hanyar da ta kawar da shakka: a tace ruwan ta wata matata mai huji ƙanana ƙwarai, kowane huji kashi ɗaya cikin dubu biyar na milimita, a rina abin da ya maƙale da rini mai ƙyalli, sannan a ƙirga a ƙarƙashin madubi. Sakamakon ya nuna cewa a yawancin ruwaye, abin da faranti ke nunawa bai kai ɗaya bisa ɗari na abin da ke ciki ba.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Abincin faranti ya yi wa mazauna tafki maiƙo. Halittar da ta saba da ruwan da abinci ya yi ƙaranci a cikinsa, in ka tsunduma ta cikin romo mai kauri, ko ta ƙi ci ko ta mutu. Waɗanda ke tsirowa su ne masu haɗama da saurin girma, su kuwa 'yan tsiraru ne a tafki. Kamar mai ƙidayar jama'a ne da ya kafa teburinsa a ƙofar gidan walima, ya rubuta waɗanda suka zo cin abinci, ya ce su ke nan mutanen gari.

A yau akwai na'urar da ke jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya su wuce ta gaban hasken lesa, tana ƙirga dubbai a daƙiƙa guda, sakamako ya fito cikin mintuna maimakon kwanaki. Cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Suwizalan ce ta jagoranci shigar da ita harkar ruwan sha, har ƙasar ta amince da hanyar a hukumance a 2012. Da ita aka ga cewa ruwan famfo mai kyau, wanda ba ya cutar da kowa, yana ɗauke da dubban ƙwayoyi a kowace mililita. Yawan adadi shi kaɗai ba laifi ba ne. Abin da ke tayar da hankalin mai kula da matatar ruwa shi ne adadin ya yi tsalle ba zato, ba kuwa za a gane tsalle ba sai an san inda adadin ya saba tsayawa.

Su wane ne?

Ƙirga ba ta faɗin suna. A ƙarƙashin madubi bakteriyar tafki kusan kamanninsu ɗaya, ɗigo-ɗigo da 'yan sanduna. Mafita ta zo ne daga sinadarin gado. A 1977 Carl Woese ya nuna cewa akwai wani yanki na wannan sinadari, wanda ake wa laƙabi da 16S, da kowace bakteriya ke da shi, amma jerin haruffansa ya ɗan bambanta daga dangi zuwa dangi, kamar yadda tsagar fuska ke nuna asalin mutum a da. A shekarun 1980 Norman Pace ya ɗauki mataki na gaba: ba sai an rene su ba, a tace ruwan, a ciro DNA ɗin duk abin da ke ciki, a karanta.

Abin da aka gano ya ba masana mamaki. Tafkunan duniya, daga Turai zuwa Amurka zuwa Asiya, suna da nasu keɓaɓɓun mazauna, waɗanda suka bambanta da na ƙasa da na teku. Mafi yawa a cikinsu wani rukuni ne da aka yi wa lamba acI, wanda a wasu tafkuna yakan kai rabin dukan bakteriyar da ke shawagi. Ƙanana ne ƙwarai, kundin gadonsu bai kai kashi ɗaya bisa uku na E. coli ba, sun watsar da duk abin da za su iya samu daga maƙwabta. An shafe kusan shekaru ashirin ana sanin su ta DNA kawai, ba wanda ya iya renon su. Sai wajen 2017 masana a Tafkin Zurich da wasu a Tafkin Soyang na Koriya ta Kudu suka fara kama su, ta hanyar tsinka samfuri a cikin tataccen ruwan tafkin kansa har ƙwaya ɗaya ta rage a kowane mazubi. Daga baya 'yan Koriyan suka gano cewa sai an sa musu wani sinadari, katalas, wanda ke kawar da wata guba da su da kansu ba sa iya kawarwa. Halittar da ta fi kowacce yawa a ruwan da mutane ke sha, sai a ƙarni na 21 aka iya riƙe ta a ɗakin bincike.

Ita ma hanyar DNA tana da nata makanta. Kaso take bayarwa: za ta ce wane ya kai kashi 20 cikin ɗari, amma ba za ta ce cikin nawa ba. Wasu bakteriya kwafi ɗaya na 16S suke da shi, wasu fiye da goma, sai masu kwafi da yawa su bayyana kamar sun fi yawa. DNA ɗin matacciyar ƙwaya yana nan a ruwa, ana kuma karanta shi tare da na masu rai. Shi ya sa aka ƙirƙiro wata hanya da ke haɗa biyun, inda ake sa alama mai ƙyalli da ba ta maƙalewa sai a jikin dangi guda, sannan a ƙirga masu ƙyallin a ƙarƙashin madubi.

Ko sanin suna ma bai gama aiki ba. A cikin Microcystis akwai masu samar da guba, akwai waɗanda ba su da kayan haɗa ta, kuma ido ba ya bambance su. Sai an nemi alamar gubar a cikin DNA, ko a auna gubar kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurosistin a ruwan da ake sha yau da kullum a kan maikurogiram ɗaya cikin lita. A 1996, a garin Caruaru na Barazil, an yi wa marasa lafiya wankin ƙoda da ruwan wata madatsa da ba a tace shi yadda ya kamata ba, mutum fiye da 50 suka mutu sakamakon lalacewar hanta. Irin gwajin da aka saba yi wa ruwan sha ba ya neman wannan guba.

Yaushe, kuma a ina?

Tafki ba randa ba ne da za a ɗebi moɗa guda a ce an san abin da ke ciki. Microcystis na da ƙananan jakunkunan iska a jikinta, da safe in ruwa ya kwanta sai ta taso sama, iska ta tara ta a gaɓa ɗaya. Wanda ya ɗebi samfuri a ɗaya gaɓar zai ce lafiya lau. A Tafkin Zurich, inda birnin ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwansa, wata jar siyanobakteriya mai guba, Planktothrix rubescens, takan zauna a zurfin mita 10 zuwa 15 a lokacin zafi, alhali saman ruwan garai-garai yake.

An san wannan ne saboda an daɗe ana auna tafkin a kai a kai, a zurfi daban-daban. A 2012 Thomas Posch da abokansa suka nazarci bayanan shekaru 40, suka ga jar halittar tana ƙaruwa duk da cewa an rage ƙazantar da ke shiga tafkin. Dalilin ɗumamar yanayi ne: a da, a lokacin sanyi ruwan kan juya har ƙasa, ya kai ƙwayoyin zurfin da nauyin ruwa ke fasa jakunkunansu su mutu, yanzu kuwa juyawar ta yi rauni. Binciken shekara ɗaya, komai tsadar na'urarsa, ba zai taɓa nuna wannan ba.

Tafkin Washington da ke gefen birnin Seattle ya nuna yadda ƙirga ke zama shawara. A 1955 aka ga wannan jar halitta ta bayyana a cikinsa. W. T. Edmondson, malamin jami'ar da ke auna tafkin, ya gane alama ce ta ƙazantar bahaya da ake zubawa, ya fito ya yi wa jama'a bayani da alƙaluma. A 1958 mazauna yankin suka kaɗa ƙuri'ar kafa hukumar da za ta karkatar da magudanan, aka yi aikin tsakanin 1963 da 1968, cikin 'yan shekaru ruwan ya washe. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai mai rubuta ɗanɗanonsa kullum ne zai san ranar da ya fara.

Mu da madatsunmu

Abubuwa uku ke sa siyanobakteriya bunƙasa: zafi, kwantaccen ruwa, da yalwar sinadaran taki, musamman fosfaras da naitirojin. Mai karatu ya duba Tiga, wadda aka gama a 1974, da Challawa ta 1992, da Goronyo, da Bakolori, da Kainji, da Usuma mai shayar da Abuja. Ya tuna zafin Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ke ja baya. Ya tuna gonakin da ake zuba wa takin zamani a kewaye, da garken shanu a mashaya, da magudanan garuruwa. Ba sai an yi duba ba kafin a san cewa sharuɗɗan na iya haɗuwa. Abin kuma bai tsaya kan mai famfo ba. Rahoton kimiyya na farko a kan wannan guba, a 1878, na tumaki da dawakai ne da suka mutu bayan shan ruwan Tafkin Alexandrina a Ostareliya. Makiyayi da masunci da mai noman rani su ke fara haɗuwa da ita.

Wani zai ce: ƙasar da kwalara ke kashe mutane duk damina, inda miliyoyi ba su da famfo ko kaɗan, ina ita ina ƙirgar filankton? Maganar tana da nauyi, kuma gwajin E. coli, wanda ke nuna ko bahaya ya shiga ruwa, shi ne na farko, babu abin da zai maye gurbinsa. Amma gwajin nan ba ya ganin gubar siyanobakteriya. Ruwa na iya cinye jarrabawar E. coli ɗari bisa ɗari yana ɗauke da ita. Bugu da ƙari, zuba kilorin a ɗanyen ruwan da ke cike da waɗannan ƙwayoyi na iya fasa su, gubar da ke kulle a cikinsu ta fito. Mai kula da matata yana buƙatar sanin abin da ke shigowa kafin ya san me zai zuba.

Ita kanta kwalara ba ta rabu da filankton ba. Rita Colwell ta nuna cewa ƙwayar cutar tana maƙalewa a jikin ƙananan ƙwarin ruwa. A ƙauyukan Matlab na Bangaladash aka koya wa mata tace ruwan kududdufi da tsohon zanen sari da aka ninka sau huɗu. Zanen ba ya tare bakteriya ita kaɗai, amma yana tare ƙwarin da take hawa. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna kamuwa da kwalara ta ragu da kusan rabi. Sanin mazauna ruwa ne ya haifar da wannan dabara mai araha.

Batun kuɗi ma bai kai yadda ake zato ba, domin aikin hawa-hawa ne. A ƙasa akwai farin faifan da Angelo Secchi ya fara amfani da shi a 1865: a zura shi cikin ruwa da igiya, a rubuta zurfin da ya ɓace wa ido. Sama da shi, kwalba da ɗigon aidin da madubin ƙara girma, waɗanda suka isa ƙwararren ma'aikaci ya gane manyan dangin siyanobakteriya ya ƙirga su. Hotunan tauraron ɗan Adam na Sentinel-2 kyauta suke, suna kuma nuna korewar ruwa kusan duk kwana biyar in babu gajimare ko hazo. In waɗannan sun nuna alama, sai a kai ga gwajin guba. Karatun DNA na iya jira: a Tafkin Mendota na jihar Wisconsin, an riƙa ajiye tatattun samfura a cikin ƙanƙara tsawon shekaru 20, aka karanta su bayan farashi ya sauko.

Abin da ya fi tsada shi ne ɗorewa. Jami'o'inmu na fitar da kundaye a kan ingancin ruwa, ɗalibi ya ɗebi samfuri na wata shida, ya kare aikinsa, kundin ya hau kanta, na bayansa ya zaɓi wata gaɓa da wata hanya daban, har a kasa jera sakamakon biyu wuri ɗaya. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin nazarin Tafkin Kainji, muna da hukumomin raya kogunan Hadeja da Jama'are da na Sakkwato da Rima, muna da hukumomin ruwa na jihohi, muna da sassan nazarin halittu a jami'o'i. Abin da nake kira a yi shi ne kowace madatsa da gari ke sha daga gare ta ta samu jami'a guda da za ta ɗauki nauyinta: wurare uku ko huɗu tsayayyu, har da bakin bututun zuƙar ruwa, zurfi biyu ko uku, hanya guda rubutacciya, duk mako biyu, shekara da shekaru, ko ɗalibai sun sauya. Kuɗin aikin ya zama layi tsayayye a kasafin hukumar ruwa, kada ya dogara da tallafin da zai ƙare bayan shekara uku.

Sannan a wallafa alƙaluman inda kowa zai gani, a intanet da kuma rediyo, da harshen da masunci da makiyayi ke ji. Injiniyoyi da likitoci da 'yan majalisa da ke karanta wannan shafi suna da damar neman haka a wuraren da maganarsu ke da tasiri. In an zo zaman kare kasafin hukumar ruwa ta jiha, akwai tambayoyi uku da suka cancanci amsa a rubuce: yaushe aka ɗebi samfuri na ƙarshe a bakin bututu, me aka nema a cikinsa, kuma ina sakamakon bara da za a kwatanta shi da shi?